Wanda Zai Ce Ba Ni da Kowa

Ina da shekara goma sha biyar na fara ganin gado mai sifirin, shi ma ta taga na hango shi. A Kazaure ne, a shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa, kowa ya ɗan zautu. Wanda bai iya rubutu ba ya sayi biro uku ya jera a aljihu, wanda gidansa ba lantarki ya sayi fanka ya ajiye yana jira. Ita ma ƙaramar hukuma abin bai bar ta ba. Akwai wani tsohon siton gyaɗa a bayan kasuwa, wanda tun da noman gyaɗa ya mutu ɓeraye ne kaɗai ke sha'aninsu a ciki. Sai aka wayi gari an share shi, an shafe shi da farar ƙasa, an jera gadajen ƙarfe goma sha biyu, kowanne da katifa da jan bargo. Aka ce na matasa ne waɗanda ba su da wurin kwana. Za a ba su abinci sau uku, a kuma koya musu kafinta ko gyaran babur.

Ni kuwa in ana neman wanda ba shi da wurin kwana, ai ba sai an yi cigiya ba. Mahaifina mahaƙin rijiya ne. Tun ina ƙarami muke yawo tare, yau muna ƙauyukan Roni, gobe Gwiwa, jibi wajen Babura. Inda aka kira shi nan ne gida, sai ruwa ya fito mu naɗe igiya mu ƙara gaba. Mahaifiyata ban san ta ba. In an tambaye shi garinsu, sai ya nuna arewa da haɓa ya ci gaba da aikinsa. Tari ya kama shi a Kazaure, bai yi wata biyu ba ya rasu, ya bar mini dagi da igiya da kwandon kwasar ƙasa.

Wadda ta tsince ni wata tsohuwa ce mai ƙosai a bakin tasha, kowa Iya yake ce mata. Gajeruwa ce, ga faɗa, muryarta har cikin kasuwa ake ji. Ina kai mata markaɗe, ina faso mata itace, ita kuma tana cika mini ciki, tana zagina, tana ɗinke mini riga. Abin da ba ta iya ba ni shi ne ɗaki. Ita kanta a ɗaki ɗaya take zaune a gidan wani attajiri, gidan kulle, inda namijin da muryarsa ta fashe ba ya wuce zaure. Don haka a rumfarta nake kwana, a kan bencin masu cin ƙosai. Daminar bara a nan ta same ni, na yi ta tari irin na mahaifina har Iya ta fara kallona ta gefen ido. Ga shi kuma bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa a gabas.

Mai kula da sabon gidan shi ne malamin walfiya, wani saurayi dogo siriri mai tabarau, bai daɗe da dawowa daga kwas ba. Hukuma ta ba shi sabon babur ja, ya yi mako uku yana hawa, ya iya tashi sarai, tsayawa ce dai har lokacin suke sasantawa. Ranar Litinin na tare shi. Ya ce gadaje goma sha ɗaya sun samu masu su, saura ɗaya, kuma ranar Juma'a zai aika da sunaye Kano. Ya fito da takarda ya nuna mini wani layi a ƙasa. Dole dagaci, ko wani dattijo da ya san yaron, ya sa hatimi ko ya dangwala yatsa, ya shaida cewa yaron nan ba shi da uwa, ba shi da uba, ba shi da kowa da zai riƙe shi. Sauran goma sha ɗayan baƙi ne daga nesa, ba wanda ya san su, sarkin tasha ya shaida musu cikin minti biyu. Ni da aka je masa da tawa, sai ya ce a'a, wannan ai ubansa sananne ne a ƙasar nan, a nemi waɗanda suka san shi.

Na ce, "Malam, ai wannan mai sauƙi ne. Mu je wajen Iya."

Muka same ta tana tsame ƙosai. Malam ya durƙusa ya gaishe ta, ya karanta mata layin nan da muryar rediyo. Bai kai ƙarshe ba ta miƙe da matsami a hannu, mai yana ɗiga.

"Wa ya ce ba shi da kowa? Ni gawa ce? Kai ɗan nan, da tabarau a idonka ba ka gan ni ba? Ɗana ne! Je ka gaya wa gwamnatin taka ɗana ne!"

Malam ya ja da baya har ya taka wutsiyar wani kare. 'Yan tasha suka yi ta shewa. Ni ma na yi dariya, wallahi har da jin daɗi, don ban taɓa jin ta faɗi haka a gaban mutane ba. Sai daga baya na tuna gadona ne ke neman suɓucewa.

Malam ya gyara tabarau ya ce ba komai, ai tsohuwa ce. Dagatai mutanen hukuma ne, sun san takarda. Gobe zai ɗauke ni mu je inda mahaifina ya yi aiki.

Ban taɓa hawa babur ba sai ranar Talatar nan. Jama'a, ashe haka duniya take da gudu! Na rungume Malam ta baya, iska ta cika mini riga na koma kamar salka, duwatsun Roni suna tahowa suna wucewa, ina ta ɗaga wa manoma masu sharar gona hannu, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba. Malam yana danna hon ko da ba kowa a hanya. Da muka shiga yashi babur ya fara rawa, ya ce in riƙe da kyau, na ce ai shi nake riƙe da shi, ya ce shi ma ba abin da yake riƙe da shi sai Allah. A ƙofar gidan dagacin ƙauyen farko ya nemi burki ya samu totur, muka wuce fadawa a guje muka tsaya a cikin dangar wani mutum.

Aka kakkaɓe mu, aka shimfiɗa tabarma. Dagacin, wani tsoho mai farin gemu, ya dube ni sau ɗaya ya kama baki.

"Kai, ba ɗan mai rijiya ba ne?"

Shi ke nan, gari ya tashi. Mata suna leƙowa ta kan katanga, tsofaffi suna shafa mini kai, aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya, aka bi wata zabuwa da gudu har bayan gari. Sai da muka ci muka sha, sannan Malam ya fito da takarda ya ce, "Ranka ya daɗe, wata 'yar shaida ce kawai."

Dagaci ya saurara har ƙarshe. Ya nuna ƙwaryar da ke gaban Malam.

"Malam, ruwan nan da ka sha, ya yi sanyi?"

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe."

"Uban yaron nan ya haƙa shi. Gaba goma sha huɗu, cikin dutse. Kafin shi matanmu tun asuba suke fita, sai hantsi su dawo da tulu ɗaya. Yanzu ka zo in sa hatimina in ce ɗansa ba shi da kowa? A garin nan? Ai ko bayan raina ba a daina zagina ba."

Malam ya ce, "To ranka ya daɗe, madalla. Wane gida zai zauna?"

Shekarun fari ba su daɗe da wucewa ba, rumbunan garin duk a kwance suke, ni ma na gani da muka shigo. Kowa ya dubi na kusa da shi. Wani ya fara gyaran hula. Can dagaci ya ce, "Ai duk gidajen nan nasa ne." Kuma na rantse da gaske yake, sai dai duk gidajen ba su zama gida ɗaya ba. Da za mu tafi ya cire hular kansa ya ɗora mini, ta sauko har kan hancina.

Laraba muka nufi Gwiwa, wata ruga da mahaifina ya yi wa rijiyar shayar da shanu. Wani bijimi ya ga jan babur ya ɗauka da shi ake, ya biyo mu, Malam ya yi gudun da bai san babur ɗin na da shi ba, ni ina baya ina ihu ina dariya, hular dagaci a hammata. Arɗon ya tarbe mu da fura da nono, ƙwarya na ƙarewa ana kawo wata. Da aka karanta masa takarda sai ya juya ya yi wa mutanensa bayani da Fulatanci, suka haɗa baki suka yi wani dogon salati. Ya ce da Malam, yaron da ya ci a ƙwaryarsu shekara guda ba a faɗin wannan magana a kansa, ko da wasa. In ana so, ya bi su kiwo, damina na sauka za su tashi. Na dubi ƙafafuna, na tuna tarina, na tuna jan bargo. Arɗon bai matsa ba. Ya ba ni sanda da malfa, aka ɗaura mana goran nono a bayan babur. Malam ya sha fura har sai da muka tsaya a gindin wata tsamiya ya ɗan runtsa.

Da ya farka ya dube ni, ga hula, ga malfa a kanta, ga sanda a kafaɗa, ya fashe da dariya har tabaransa suka faɗi.

"Tun da nake ban taɓa ganin maraya mai yawan iyaye irinka ba."

Alhamis ita ce ta ƙarshe. Muka miƙa wajen Babura, wani gari kusa da iyaka, ranar kasuwarsu, raƙuma da jakuna da hatsi, mutanen ƙetare suna ta ciniki da sefa. Dagacin nan ba tsoho ba ne, ɗan kasuwa ne mai rediyo a gefensa, har da agogo. Malam ya raɗa mini cewa wannan wayayye ne, an gama. Aka kawo dambu da kilishi. Ni dai ranar abinci bai wuce mini da daɗi ba. Da na ga ya fara girgiza kai tun Malam bai kai rabin layi ba, sai na rarrafa na durƙusa a gabansa.

"Ranka ya daɗe, don Allah ka taimake ni ka ce ba ni da kowa."

Fadawa suka tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, na ji ka, kuma na san abin da kake nema. Amma takardar nan Kano za ta. Za a karanta a ce a ƙasar wane aka samu ɗan mutumin da ya ba su ruwa yana kwana a kan benci, har dagacinsu ya sa hannu. Ka ce in ba ka rigar wuyana, yanzu in cire. Wannan kam ba zan iya ba."

Kuma ya cire ɗin. Babbar riga shuɗiya, da aiki a wuya, ta ninka ni biyu. Aka ƙara mana da zakara, aka ɗaure shi a kan tankin mai.

Haka muka kamo hanyar gida, ni a baya kamar angon da aka manta da ranar bikinsa, riga tana kaɗawa, zakara yana cara a tsakanin hannuwan Malam. Mun wuce Kanya Babba kaɗan sai gabas ta yi baƙi. Iska ta taso da ƙanshin ƙasa, sannan ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fito daga gidaje tsirara suna tsalle, mu ma muka kama ihu, Malam yana waƙar da ban san ya iya ba, shuɗin rigar yana zuba yana rina mini ƙafafu. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan tafiya ba, kuma ina sane sarai cewa gadon ya tafi.

Muka iso tasha da la'asar sakaliya. Rumfar Iya ta rushe, zanan ya kwanta a kan bencina, ruwa yana gudu ta ƙarƙashi. Tana tsaye a gefe da kaskonta a ka. Ta dube ni tun daga malfa har shuɗayen ƙafafu, ta buɗe baki za ta fara, sai tari ya sarƙe ni. Na yi ta yi har na dafa gwiwa. Da na ɗago, ba ni take kallo ba, Malam take kallo.

"An samu?"

"Ba a samu ba, Iya. Kowa ya ce nasa ne."

Ta karɓi zakaran ta tafi.

Ranar Juma'a da safe, karo na farko tun da na san ta, Iya ba ta hura wuta ba. Direbobi suna ta tambaya ko lafiya. Can sai ga ta da mayafinta na zuwa suna, ta ce in wuce mu je. Ban tambaye ta ina ba. Ta shiga gaba ina bin ta har ofishin walfiya, ta zauna a kan kujera a ɗofane, kamar kujerar za ta cije ta.

"Ɗan nan, ɗauko takardar taka."

Malam ya ɗauko. Ya ce doka ce sai ya karanta mata ta amsa da bakinta, ko za ta yi haƙuri. Ta ce ya karanta, ai ba kurma ba ce.

"Kin san yaron nan?"

"Na san shi."

"Yana da uwa ko uba a raye?"

"Babu."

"Ke ɗanki ne, ko kun haɗa wani abu?"

Tana kallon kalandar da ke bango.

"Ba ɗana ba ne. Ban haɗa komai da shi ba."

"Yana da wanda zai riƙe shi?"

"Ba shi da kowa."

Malam ya tura mata tawada. Ta dangwala, yatsan bai kama ba, shekara da shekaru na man gyaɗa sun hana. Ta goge a mayafi ta sake, bai fito ba. Sai a na uku, da ta danna da ƙarfi har teburin ya motsa. Ta miƙe ta fita ba ta dube ni ba.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ko minti biyar ban yi ina tunaninta ba. Da Malam ya buɗe mini siton nan ya nuna mini gado na goma sha biyu, can ƙurya kusa da taga, da gudu na faɗa kansa. Ya cilla ni sama! Na sake faɗawa, ya sake cilla ni. Sauran yaran suka taya ni, mu goma sha biyu muna ta tsalle, sifirin yana kuka, Malam yana ihu wai kayan gwamnati ne, shi ma yana dariya. Da rana ruwa ya sake sauka, na kwanta rigingine ina jin sa yana dukan kwano, ko ɗigo bai taɓa ni ba. Na ja jan bargon nan har ka, cikin zafin, don kawai nawa ne.

Washegari na je wajen Iya da labari cike da baki. An tayar mata da rumfa, tana suya. Na ce, "Iya, in kin ga gadon nan!" Ta zuba mini ƙosai a takarda, ya fi na kullum yawa, ta miƙo ta ce, "Ungo, yaron gwamnati."

Na ɗauka tsokana ce, na yi dariya. Ashe sunan ke nan. Ita a wajenta yatsan nan da ta dangwala rantsuwa ce, ta faɗa da bakinta a gaban hukuma, ba za ta dawo ta zama maƙaryaciya ba. Kuma tana tsoron in wani ya ji ta ce ɗana, a kai rahoto a ƙwace gadon. Malam da kansa ya je ya gaya mata ba haka abin yake ba, ta ce ya tafi da tabaransa. Na yi shekara uku a gidan, tarin ya bar ni, na fito da sana'ar kafinta, na buɗe shagona. Benci na farko da na yi da hannuna nata ne. Na yi aure, ita ta yi ta hidima kamar za ta faɗi. Na sha ɗana mata tarko, in turo baƙo ya tambaye ta, "Iya, wannan ɗanki ne?" Sai ta ce, "Wannan? Na gwamnati ne. Ni ƙosai kawai nake sayar masa." Ban taɓa biyan ko kwabo ba.

Abin yana ba mutane dariya, ni ma ina taya su. Amma ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi. Sau ɗaya tak ta kira ni ɗanta a gaban jama'a, ranar da ta kori Malam da matsami, ni kuma na yi kwana uku a kan babur ina neman wanda zai ƙaryata ta.

Ta rasu da rani, bayan na haifi 'yata ta biyu. Sai a ranar na gane ashe ita ce ba ta da kowa. Ba ɗa, ba jika, ba wani ɗan'uwa da ya zo daga ko'ina. Da aka dawo daga maƙabarta mutane suka tsaya cirko-cirko a ƙofar gidan attajirin, ba a san wa za a yi wa ta'aziyya ba. Sarkin tasha ne ya fara juyawa ya nufi shagona, direbobi suka bi shi, sannan 'yan kasuwa. Na ture katakai na shimfiɗa tabarmi. Malam ma ya zo, ya yi ƙiba, yanzu da mota.

Cikin masu zuwa akwai sabon mai unguwa, wanda bai san labarin ba. Ya yi addu'a ya shafa, sannan ya matso ya tambaye ni a hankali, "Malam kafinta, marigayiyar me take a gare ka?"

Na ce, "Mahaifiyata ce."

Malam ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Na ce masa, "Ni ai ban dangwala wa kowa takarda ba."